Murjani mai rai: abin da ake koya wa yara game da tuddan teku da hanyoyin kare su

A ƙasar Hausa an san murjani a matsayin jan dutsen ado da mata ke sawa a wuya da hannu, irin wanda ake gada wajen iyaye da kakanni. Mutane kaɗan ne suka san cewa dabba ce ke gina shi a ƙarƙashin teku, kuma danginsa ne suka gina manyan tuddai da miliyoyin mutane ke ci daga gare su. Waɗannan tuddai, da ake kira récifs coralliens da Faransanci, suna mutuwa saboda ɗumamar ruwan teku. Shi ya sa makarantu a ƙasashe da dama suka sa su cikin darussan yara. Ga bayani kan abin da ake koyarwa, da yadda ake koyar da shi, da kuma inda darasin ya shafi ɗan makarantar Nijar da bai taɓa ganin teku ba.

Mene ne murjani?

Abu na farko da malamai ke fara gyara wa yaro shi ne zaton cewa murjani dutse ne ko tsiro. Murjani taron ƙananan dabbobi ne masu taushin jiki, waɗanda masana ke kira polip. Yawancinsu ba su wuce ƙwayar gero ko ta wake girma ba. Kowane yana da baki ɗaya da ƴan hannuwa kewaye da shi, waɗanda yake miƙawa, galibi da dare, ya kamo ƙananan halittun da ke yawo cikin ruwa. Polip ba ya tafiya. Inda ya manne tun yana ƙarami, nan zai zauna har ya mutu.

Don ya kare jikinsa, polip yana tsamo sinadarai daga ruwan teku ya gina wa kansa ƙoƙo mai tauri na farar ƙasa, wato sinadari ɗaya da na ɓawon ƙwai da na katantanwa. Idan ya mutu ƙoƙon yana nan, sai na baya su yi nasu ginin a kansa. Da haka, cikin dubban shekaru, ginin ke zama tudu. Kwatancin da ya fi kusa da yaron Sahel shi ne suri: gara ƴar ƙarama ce, amma taronta na tayar da ginin da ya fi mutum tsawo.

Aikin ba ya sauri. Murjani mai siffar curi yana ƙaruwa da ƙasa da santimita 2 a shekara, mai rassa kuma yakan kai santimita 10. Ke nan abin da anga ta jirgin ruwa ko ƙafar mai iyo ta karya cikin daƙiƙa ɗaya yana iya cin shekarun yaro kaf kafin ya dawo.

Akwai kuma wani sirri cikin jikin polip. Wata irin gansakuka ce, wadda ido ba ya gani sai da madubin likita, take zaune cikin namansa. Ita tana amfani da hasken rana ta haɗa abinci kamar yadda ganye ke yi, ta ba polip kaso mafi yawa na abin da yake rayuwa da shi, har kusan kashi 90 cikin 100 a wasu nau'o'in. Shi kuma ya ba ta mafaka da taki. Ita ce ma ke ba murjanin launinsa. Wannan zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka shi ne ginshiƙin darasin gaba ɗaya, domin da zarar ya lalace, tudun ya kama hanyar mutuwa.

A ina ake samun tuddan?

Saboda gansakukar na bukatar haske, tuddan murjani na tasowa ne a ruwa marar zurfi, mai tsabta, mai ɗumi, wanda zafinsa ke tsakanin digiri 23 zuwa 29 a ma'aunin Selshiyos. A 1842 masanin nan na Ingila, Charles Darwin, ya kasa su gida uku, kuma har yau haka ake koya wa ɗalibai: masu manne da gaɓar teku, masu zama kamar katanga nesa da gaɓa, da masu siffar zobe da ke kewaye da tafki a tsakiyar teku.

Mafi girma a duniya ita ce Babbar Katangar Murjani ta Ostareliya, mai tsawon kilomita 2,300, wadda ta ƙunshi tuddai kusan 2,900. Hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan gadon duniya a 1981. Wurin da ya fi yawan nau'o'in murjani kuwa shi ne tekun da ke tsakanin Indunusiya, Filifin, Maleshiya, Papuwa Niu Gini, tsibiran Solomon da Timor ta Gabas, inda ake samun kusan kashi uku cikin huɗu na nau'o'in da aka sani.

A Afirka, tuddan suna gabas ne: Bahar Maliya, gaɓar Kenya, Tanzaniya, Mozambik, Madagaska da tsibiran tekun Indiya. Afirka ta Yamma ba ta da manyan tuddai. Dalili kuwa, manyan koguna irin su kogin Isa, wanda ake kira Kwara, suna zuba ruwan daɗi da laka cikin teku, ga kuma ruwan sanyi da ke tasowa daga ƙasan teku a wasu lokutan shekara. Murjani mai gina tudu ba ya jure ko ɗaya daga cikinsu.

Shi kuwa jan murjani na ado nau'i ne dabam. A tekun Bahar Rum ya fi yawa, cikin kogo da wurare masu duhu, ba shi da gansakuka a jikinsa, kuma ba ya gina tudu. Girmansa na tafiya a hankali ƙwarai, shi ya sa yawan cirarsa ya rage shi a wurare da yawa.

Amfanin tuddan

Tuddan murjani ba su kai kashi 1 cikin 100 na faɗin ƙasan teku ba, amma kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nau'o'in halittun teku suna rayuwa a cikinsu ko sun dogara da su. Nan kifaye ke yin ƙwai, nan ƙanana ke ɓuya har su girma. Ɗaruruwan miliyoyin mutane, yawancinsu talakawan masunta, suna samun abinci da kuɗin shiga daga nan.

Tudun kuma garkuwa ne. Wani bincike da aka wallafa a 2014 ya nuna cewa tudu mai lafiya na karya kusan kashi 97 cikin 100 na ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso gaɓa. Inda ya rushe, ruwa na cin ƙasa ya shiga gidaje. Hatta farin yashin bakin teku, wani ɓangarensa daga tudun yake fitowa: akwai kifi mai baki kamar na aku da ke gurgurar murjani, ya niƙa shi a cikinsa, ya fitar da shi yashi. Malamai sun san wannan labarin ba ya fita daga kan yara.

Abin da ke kashe murjani

Babban makashin shi ne zafi. Idan ruwa ya ɗara zafin da aka saba gani a lokacin bazara da digiri 1 kawai, ya kuma daɗe haka har makonni, sai polip ya kori gansakukar da ke jikinsa. Launinsa ya tafi, ƙoƙon farar ƙasa ya bayyana fari fat. Wannan shi ake kira koɗewar murjani. Murjanin da ya koɗe bai mutu ba tukuna, yunwa ce yake ji. Idan ruwa ya huce da wuri, gansakukar na dawowa. Idan zafin ya ci gaba, sai ya mutu.

An ga koɗewar da ta game duniya a 1998, da 2010, da kuma daga 2014 zuwa 2017. A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, NOAA, ta sanar da cewa an shiga ta huɗu. Alƙaluman da aka fitar shekara ɗaya bayan haka sun nuna cewa zafi mai koɗar da murjani ya taɓa kusan kashi 84 cikin 100 na tuddan duniya. Kafin nan, rahoton ƙungiyar masana da ke sa ido kan tuddan, wanda ya fito a 2021, ya ce duniya ta yi asarar kusan kashi 14 cikin 100 na murjaninta tsakanin 2009 da 2018.

Rahoton 2018 na kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ake kira GIEC da Faransanci, ya yi hasashen cewa idan ɗumamar duniya ta kai digiri 1.5 bisa yadda take kafin zamanin masana'antu, kashi 70 zuwa 90 cikin 100 na tuddan za su tafi. Idan ta kai digiri 2, abin da zai rage ba zai kai kashi 1 cikin 100 ba. Wannan lissafi ya faɗa ne cikin tsawon rayuwar yaran da ke firamare yau.

Ban da zafi, akwai iskar kabon da ke fita daga ƙona fetur, gas da kwal. Teku na shanye kusan kashi ɗaya cikin huɗu nata, abin da ke ƙara wa ruwan tsami, ya sa ginin ƙoƙo ya yi wa polip wuya. Sai kuma ɓarnar kusa: kamun kifi da nakiya ko guba, kame kifayen da ke share ciyawar da ke rufe murjani, dagwalon birane, takin zamani da laka da ruwan sama ke kwasowa daga gonaki, da leda da tsofaffin koma da ke naɗe rassa.

Yadda ake koyarwa a bakin teku

Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma shirye-shiryen da suka yi suna duk a kan wannan suka ginu.

A Ostareliya, hukumar da ke kula da Babbar Katanga ta ƙaddamar da shirin Reef Guardian Schools a 2003. Makarantar da ta shiga tana ɗaukar alkawarin ayyuka na zahiri: rage shara, tsimin ruwa da wutar lantarki, dasa itatuwa a bakin rafuka, kwashe datti a gaɓa. Abin da ake son yaro ya gane shi ne, duk abin da aka zubar a kwatar garinsu, ƙarshensa teku.

A ƙasar dai, Jami'ar Queensland ta fito da shirin CoralWatch a 2002. Kayan aikinsa kati ne mai launuka, an jera su daga mai haske zuwa mai duhu, da lamba 1 zuwa 6. Ɗalibi ya kara katin kusa da murjani, ya rubuta lambar wurin da ya fi haske da wurin da ya fi duhu, sannan a aika sakamakon ta intanet zuwa rumbun bayanai da masana ke amfani da shi. Yaron da ya iya ƙirga zuwa shida ya iya wannan aiki.

A tsibiran Markiz na Polineziyar Faransa, ƴan firamaren ƙauyen Vaitahu ne da kansu, a 2012, bayan sun saurari masana binciken teku da suka ziyarce su, suka nemi a ba su kula da ɓangaren tekun da ke gaban makarantarsu. Daga nan aka samu tsarin da ake kira aire marine éducative. Ɗalibai, galibi ƴan CM1, CM2 da ajin farko na kwaleji, suna zaɓen ɗan yanki, su binciki abin da ke cikinsa tare da malaminsu da wani masani, su zauna majalisar yara su yanke shawara, sannan su kai ta gaban magajin gari da masunta. Daga 2016 aka faɗaɗa tsarin zuwa Faransa da sauran yankunanta na ƙetare.

A Zanzibar, tsibirin Chumbe ya zama wurin da aka haramta kamun kifi tun 1994. Kuɗin da masu yawon buɗe ido ke biya shi ke ɗaukar nauyin kai ƴan makaranta da malamansu tsibirin kyauta. Tsofaffin masunta da aka horar su ne jagorori. Da yawa daga cikin yaran, musamman ƴan mata, a nan suke fara sa tabarau na ruwa su leƙa ƙasan tekun da suka girma a bakinsa.

A tsibirin Misali da ke kusa da Pemba kuwa, ta hanyar addini aka bi. Dokar gwamnati ta kasa hana wasu masunta amfani da nakiya. Sai ƙungiyoyin kare muhalli suka haɗa kai da limamai da malaman makarantun Islamiyya, aka riƙa karantar da manya da yara cewa ɗan Adam halifa ne da aka ba amanar ƙasa, kuma ɓarna haramun ce. An kuma wallafa littafin jagora na malamai a kan haka da harshen Suwahili.

Ina ruwan yaron Nijar?

Nijar ba ta da teku, amma tana da ƙofofi da dama da malami zai iya shiga darasin ta cikinsu.

Ta farko ita ce kalmar kuɗi kanta, wadda asalinta jam'in wuri ce. Wurin da aka yi ciniki da shi a kasuwannin Damagaram, Katsina da Kano a ƙarni na 19 ƙoƙon wata dabbar teku ce, kuma mafi yawansa daga tsibiran Maldif na tekun Indiya aka kawo shi, daga baya kuma daga gaɓar Zanzibar. Tsibiran Maldif, su kusan 1,200, a kan murjani suke zaune gaba ɗayansu, kuma tsayinsu bisa ruwan teku bai wuce mita ɗaya da rabi ba a matsakaici.

Ta biyu hanyar Makka ce. Tsofaffin gidajen unguwar Al-Balad ta Jidda, wadda UNESCO ta karrama a 2014, da dutsen murjani na Bahar Maliya aka gina su. Haka ma tsohon garin Sawakin na Sudan, tashar da alhazan Afirka ta Yamma masu tafiyar ƙasa suka daɗe suna tsallakawa ta cikinta. Kusa da Port Sudan, inda Hausawa da yawa ke zaune, akwai tudun Sanganeb da ya shiga jerin UNESCO a 2016. Ɗalibin makarantar allo kuma ya riga ya haɗu da sunan murjani sau biyu cikin Suratur Rahman.

Ta uku tana ƙarƙashin ƙafa. Shekaru miliyan 50 zuwa 100 da suka wuce, teku ya sha malalowa ya rufe wani ɓangare na ƙasar da take Nijar a yau. Shi ya sa a duwatsun Adar, cikin jihar Tawa, ake tsintar ƙoƙunan dabbobin teku da suka zama dutse. Dutsen farar ƙasa da ake haƙa a Malbaza don yin siminti a ƙasan wancan tekun ya taru.

Ta huɗu ita ce zafin kansa. A watan Afrilun 2024 da aka sanar da koɗewa ta huɗu, a cikinsa ne Sahel ta sha tsananin zafin da ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na Mali. Ɗumamar da ke koɗar da murjani ita ce ke ƙara zafin bazara a Yamai da Maraɗi. Yaron da ya fahimci ɗaya ya kama hanyar fahimtar ɗayan.

Darussa da kayan da ke hannu

Masu tsara irin waɗannan darussa suna raba su bisa shekaru. Ƙananan yara ana fara musu da siffa, launi da labari, ba a fara musu da mutuwa ba. Da yumɓu da tsinken tsintsiya kowane yaro zai iya gina polip ɗaya, sannan a haɗa na aji duka a kan faranti, su ga yadda ƙanana ke zama tudu.

Ƴan CM1 da CM2 suna iya gwajin ɓawon ƙwai. A sa ɓawo ɗaya cikin ruwan sha, ɗaya cikin ruwan lemun tsami ko binegar, a bar su kwana biyu. Na cikin tsami zai yi kumfa ya yi laushi. Wajibi ne malami ya bayyana cewa ruwan teku bai kai ko kusa da wannan tsamin ba. Gwajin yana nuna cikin kwana biyu irin abin da ke raunana ƙoƙo sannu a hankali cikin shekaru.

Akwai kuma wasan koɗewa. Wasu yara su zama polip, kowane ya riƙe ƙyalle mai launi a matsayin gansakuka. Idan malami ya ce ruwa ya yi zafi, sai su yar da ƙyallen. Idan ya ce ya huce kafin a ƙirga goma, su ɗauka. Idan an wuce goma, su zauna ƙasa, yaran da ke wasan kifi kuma su rasa wurin ɓuya.

Ɗaliban kwaleji da lise, a darasin SVT da na labarin ƙasa, suna iya bin kogin Isa a taswira, tsawon kusan kilomita 4,200 daga tsaunukan Gini, ta Yamai da Gaya, har inda ya faɗa teku a Najeriya, su tattauna inda ledar da aka jefa a kwata take ƙarewa. Suna iya kwatanta zaman polip da gansakuka da na wake ko gyaɗa da ƙwayoyin halittar da ke cikin saiwarsu suna ba su taki. Suna iya kuma kwatanta wurin da aka hana kamun kifi don ya farfaɗo da yadda manoman Maraɗi da Damagaram suka bar kututturan gawo da sauran itatuwa suka sake tohowa a gonakinsu tun daga shekarun 1980, har miliyoyin eka suka sake yin kore. Ranar 8 ga Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa tekuna, tana zuwa kafin babban hutu, don haka ta dace da irin wannan aiki.

Iyakar abin da darasin zai iya

Masana na jan kunne kan abu biyu. Na farko, kada a ɗora wa yaro laifin da ba nasa ba. Kwashe leda da dasa itace suna da amfani, amma makomar tuddan tana hannun ƙasashe masu manyan masana'antu da ke fitar da mafi yawan iskar kabon, kuma kason Nijar a ciki ƙanƙane ne ƙwarai. Na biyu, kada a bar yaro da tsoro kawai. Ana dashen murjani a wurare da dama: a tsibirin Moorea, wani matashi mai suna Titouan Bernicot ya kafa ƙungiyar Coral Gardeners a 2017 yana ɗan shekara 18, suna renon gutsattsarin murjani a kan igiya su mayar da su tudu. An kuma gano cewa murjanin arewacin Bahar Maliya yana jure zafi fiye da na sauran wurare, abin da masana ke bincike a kai. Sai dai dashe na gyara ɗan yanki ne kawai, ba zai maye gurbin rage ɗumamar ba.

Abin da ake so yaro ya fita da shi daga aji guda uku ne: murjani dabba ce mai rai, ginin da ya ɗauke ta dubban shekaru yana iya mutuwa cikin makonni, kuma inda aka sassauta masa yana farfaɗowa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma cikin yaran da ke zaune kan benci yau ne za a samu malamai, ƴan majalisa da wakilan da za su zauna a tarukan yanayi na duniya a shekarun da za a san ko tuddan za su rayu.